Tsakanin Hadari da Haɗari: Tarihin Filin Jirgin Saman Kano da Karatun Sararin Samaniya

Gabatarwa

Tun kafin a ƙera jirgin sama, Bahaushe makarancin sararin samaniya ne. Manomin Maruta a ƙasar Gwaram da takwaransa na Birnin Kudu sun san cewa daga gabas hadarin ruwa yake tasowa, sun san dawowar shamuwa albishir ce ta damina, sun kuma iya bambance holoƙo mai ƙura da hadarin da zai jiƙa ƙasa. Idan hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsun Birnin Kudu har matafiyi ya kasa hango su daga bakin hanya, babu mai mamaki, domin haka kakanni suka tarar. To sai dai wannan sani na gado an gina shi ne don mai tafiya a ƙasa, wanda in ruwa ya rutsa da shi zai raɓe a zaure har a ɗauke. Da ɗan Adam ya hau sama sai wurin raɓewa ya ƙare, kuskuren da a da iyakarsa jiƙewar riga ko asarar iri ya koma asarar rayuka.

A rubutun boko, lanƙwasa guda ce ta raba hadari da haɗari. Wannan maƙala za ta bi tarihin filin jirgin saman Kano, wanda mutanen kudancin Jigawa suka dogara da shi shekaru masu yawa kafin a gina na Dutse, domin ta nuna yadda hazon hunturu da hadarin damina suka tilasta wa ma'aikatan filin auna sama da rubuta ta. Daga nan za ta warware yadda ake karanta rahoton da ake miƙa wa matuƙi, da abin da ya shafi talakan fasinja a cikinsa.

Saukar Farko

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi, jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Hartum da Alfashir da Abeshe da Fort Lami, wato Njamena ta yau, sannan Maiduguri. Duk wanda ya san tarihin hajji zai gane wannan hanya. Ita ce tsohuwar hanyar alhazan ƙasar Hausa, waɗanda kan ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙafa ko bisa jaki, suna yada zango suna noma ko ƙwadago don neman guzuri, har tafiyar ta ci wa wani shekara, ta ci wa wani shekaru. Jiragen sun biyo ta a juye cikin kwana shida.

Tafiyar ta faɗo a wata 'yar tazara mai sauƙi, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya yi kauri. Matuƙin wancan zamani a buɗe yake zaune, iska na dukan fuskarsa, abin dogaronsa taswira da kamfas da idonsa. Muddin yana ganin kogi ko dutse ko hanya a ƙasa, ya san inda yake. Ranar da ƙasa ta ɓace masa, shi ma ya ɓace.

A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano mako-mako, kafin ƙarshen shekarar kuma aka miƙa zirga-zirgar har Legas. Wannan ne ya sauya lissafi. Mai tafiyar gwaji yana iya zaɓen ranar da sama ta yi kyau, amma mai jigilar da aka yanke wa rana dole ya tashi da rani da damina. Saboda haka sai ya zama tilas a samu mutum a filin da jirgi ya nufa, wanda zai duba sama, ya auna iska, ya buga waya ya shaida wa na baya abin da ke jiransa.

Hanyar Takoradi da Asalin Hazo

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ɗaga darajar filin Kano. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, Bahar Rum ta zama hanya mai wuya ga jiragen ruwan Ingila, alhali rundunarta da ke Masar tana matuƙar bukatar jiragen yaƙi. Sai aka riƙa kawo jirage a akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lami da Aljunaina da Alfashir da Hartum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Hanyar ta buɗe ne domin gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Zangon Kano zuwa Maiduguri ya ratsa sararin ƙasar da yau ake kira Jigawa.

Yadda ake tafiyar ya yi kama da ta fatake. Babban jirgi mai ɗauke da masanin hanya shi ne madugu, ƙananan jiragen yaƙi suna biye da shi. In hazo ya raba ƙaramin jirgi da madugunsa, to ya shiga uku, domin ba shi da mai nuna masa hanya, man da ke cikinsa kuma ƙidayayye ne. Hazo yana da wata yaudara da sai matuƙi ya san ta: in ya leƙa ƙasa kai tsaye zai ga gonaki da rufin ɗakuna, amma in ya dubi gaba a karkace, inda titin sauka yake, sai ya ga fari fat. Ƙurar kuma tana cinye injin kamar yadda tsakuwa ke cinye dutsen niƙa.

Wannan matsi ne ya sa aka dage wajen neman asalin hazon. A 1945 masana biyu, Hamilton da Archbold, suka buga nazari kan yanayin Nijeriya da maƙwabtanta, inda suka danganta ƙurar hunturu da yankin Faya-Largeau a arewacin Cadi. Binciken baya ya tabbatar da haka. A can akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da can ƙasan babban Tafkin Cadi ne. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana na ɗaukar kwarin a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Amfanin wannan sani a fili yake. Idan rahoto ya zo cewa iska ta tashi a Faya kuma gani ya ragu, mai hasashe a Kano ya san cewa cikin kwana ɗaya ko biyu baƙon zai iso. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba.

Hadarin Yuni na 1956

Bayan yaƙi Kano ta zama mashigar Afirka ta sama. Jiragen wancan lokaci ba sa iya dogon zango, don haka masu tsallake Sahara daga Turai zuwa Kongo da Afirka ta Kudu sukan sauka su sha mai. Kamfanin KLM ya fara sauka a 1947, ga BOAC na Ingila, sannan a shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama ta fara bunƙasa.

Da yammacin 24 ga Yuni, 1956, jirgin BOAC samfurin Argonaut, wanda ya taso daga Legas zai bi ta Tarabulus zuwa Landan, ya tashi daga Kano da mutum 45. Akwai hadari a kewayen filin. Jirgin bai yi nisa da ƙasa ba sai ya shiga ruwa mai ƙarfi, gudunsa ya faɗi, ya riƙa nutsewa duk da cewa injinansa huɗu suna aiki, har ya bugi bishiya ya kama da wuta. Mutum 32 suka rasu. Kwamitin bincike ya ce jirgin ya ci karo da wani ƙullin hadari da ba a iya hasashensa ba, wanda ya juyar da iska farat ɗaya.

Sai da aka yi shekara 19 cif kafin a fahimci abin sosai. Ranar 24 ga Yuni, 1975, wani jirgi ya faɗi yana shirin sauka a birnin Niyok cikin irin wannan hali, mutum 113 suka mutu. Masanin da ya nazarci hatsarin, Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago, ya nuna cewa gajimaren hadari yakan sako wata dunƙulalliyar iska mai sanyi da nauyi, ta faɗo ƙasa kai tsaye, ta watsu ko'ina kamar ruwan da aka kwara daga bokiti a kan daɓe. Faɗinta bai wuce kilomita 4 ba, ba ta kuma wuce 'yan mintoci. Jirgin da ya shige ta zai fara cin karo da iska daga gaba, wadda za ta ɗaga shi, matuƙi ya ji kamar ya samu sauƙi. Daga nan iska ta danno shi daga sama. Kafin ya farga ta koma bayansa, fukafukan su rasa abin da ke riƙe su. A yau masana suna lissafa hatsarin Kano cikin misalan farko na wannan iska da aka rubuta a tarihin jiragen fasinja. Kowane manomi ya san ƙanwarta: sanyayyar iskar nan da kan riga ruwa isowa, ta kwashe shanya, ta yaye rufin kwano.

Alhazan 1973

Hunturu ma ya karɓi nasa rabon. Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya taso daga Jidda da alhazai ya nufi Legas. Rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkato shi Kano, inda hazo da iska suke jiransa. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce wa titi, wuta ta tashi. Daga cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka riga mu gidan gaskiya. A lokacin babu hatsarin jirgin sama da ya fi shi yawan mamata a duniya. Hukumomin Nijeriya da na Jodan sun yi jayayya kan inda laifin yake, amma darasin bai ɓuya ba: filin da za a karkata zuwa gare shi yana bukatar a san halinsa kamar filin da aka nufa tun farko. Bayin Allah da suka sauke farali, suka tsallake teku da hamada, sun cika a kan ƙasarsu, gida na gabansu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yadda Ake Karanta Rahoton

Tun bayan yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin sama ta duniya, ƙasashe suka amince su yi magana da harshe guda kan yanayi. Daga 1968 aka fara amfani da tsarin da ake kira METAR, wato rahoton abin da mai lura ya gani kuma ya auna a filin, wanda ake fitarwa duk rabin awa ko duk awa. Alal misali, a wata safiyar hunturu rahoton Kano yana iya fitowa kamar haka:

DNKN 150800Z 07012KT 0800 DU NSC 17/02 Q1018

DNKN sunan filin Kano ne a rajistar duniya. Lambobin da ke biye suna nufin ranar 15 ga wata, ƙarfe 8 na agogon duniya, wato ƙarfe 9 na safe a Nijeriya. Sai iska: tana busowa daga digiri 70, gabas mai karkata arewa, da gudun not 12, kimanin kilomita 22 a awa. Wannan ne ke nuna ta inda za a sauka, domin jirgi iska yake fuskanta wajen tashi da sauka. Babban titin Kano, mai tsawon mita 3,300, ana kiran bakinsa ɗaya 06, ɗayan 24, gwargwadon inda kowanne ya dosa a kamfas. Da irin wannan iska, ta 06 za a bi.

Lambar 0800 ita ce nisan gani, mita 800 kacal, DU kuma ƙura ce ta jawo shi. Da hazo ne mara kauri, HZ za a rubuta. Kowane titi yana da iyakar ganin da in aka gaza ta doka ta hana sauka, gwargwadon na'urorin da ke filin da na cikin jirgin. NSC na nufin babu gajimaren da zai dami matuƙi. Lambobin 17/02 zafin iska ne da matakin da za ta sauka kafin ta yi raɓa. Nisan da ke tsakaninsu shi ne bushewar nan mai fasa leɓe da kaushi. In suka matso kusa da juna, kamar yadda kan faru da asubahin marka, sai a yi tsammanin hazon ruwa. Na ƙarshe, Q1018, nauyin iska ne, wanda matuƙi ke saita ma'aunin tsayinsa da shi. Kuskuren lamba ɗaya daidai yake da kusan mita 8, kuskuren goma kusan mita 80, tsayin da ya ishi jirgi ya sami bishiya alhali ma'auni na nuna masa yana sama.

Zafi ma yana da nasa hukuncin. Filin Kano yana bisa tudu mai kimanin mita 476 daga teku. Da bazara, in zafi ya kai digiri 40, iska takan yi shara-shara, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya bukaci doguwar tsere kafin ya ɗaga. A irin wannan rana akan rage kaya ko a jira sanyin dare.

Abokin tafiyar wannan rahoto shi ne TAF, hasashen abin da ake tsammani a filin cikin awa 24 ko 30 masu zuwa, wanda ake sabuntawa duk awa shida. A cikinsa BECMG na nufin yanayi zai sauya ya zauna, TEMPO na nufin zai zo ya wuce, PROB30 kuma na nufin yiwuwar abin kashi 30 ce cikin ɗari. Da damina matuƙi yana neman TS, wato tsawa, da CB, wato tulin gajimaren hadari, da WS, wato juyin iska irin na 1956. Hadarin ƙasar nan yakan jeru a sahu daga arewa zuwa kudu, ya yi yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Ke nan wanda ya zuba a Gwaram da la'asar yana iya isa Kano kafin isha. Ya kamata a lura cewa mai hasashe bai ce ya san gaibu ba. Kalmominsa da kansu na yiwuwa ne da tsammani, kamar dai manomin da ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya.

Daga Kano zuwa Dutse

A 2003 aka kafa Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, a matsayin hukuma mai cin gashin kanta, ita ce kuma ke fitar da waɗannan rahotanni a filayen ƙasar. Duk da haka juyin iska bai daina kisa ba. Ranar 10 ga Disamba, 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin hadari, akasarin mamatan 'yan makaranta ne. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Bayan waɗannan ne aka dage wajen kafa na'urorin gano juyin iska a manyan filayen ƙasar, shekara hamsin bayan Kano ta ga misalinsa.

Filin Kano, wanda yau ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, bai rasa matsayinsa ba, domin a taswirar sufurin sama ta duniya, sararin Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa. Jigawa kuwa, wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, ta samu nata filin a Dutse a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu. Daga baya aka sa wa filin sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi. Maniyyacin Maruta, wanda kakansa ya tafi a ƙafa ta Barno, mahaifinsa ya kwana a sansanin alhazai na Kano, yanzu yana iya tashi daga masarautarsa. Amma sabon fili bai zo da sabuwar sama ba. Ƙurar Bodele da ke rufe Kano ta Dutse take biyowa, hadarin da ke nufar Kano ma nan yake fara sauka.

Kammalawa

Wanda ya kalli layin rahoton yanayi zai ga haruffa da lambobi marasa daɗin karatu. Wanda ya san tarihi zai ga cewa kusan kowane gurbi a cikinsa yana da mamatan da suka sa aka tsaurara shi: nisan gani yana tuna ƙananan jiragen Takoradi da alhazan 1973, juyin iska yana tuna mutum 32 na 1956 da Sarkin Musulmi Maccido. Wannan ya ɗora nauyi a kan ɓangare uku. Hukuma ta tabbata na'urorin aunawa suna aiki a ƙananan filaye irin na Dutse kamar yadda suke a Abuja, ta kuma horar da 'ya'yan yankin, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya nan tun 1964. Kamfanoni su daina ɓoye wa fasinja dalilin jinkiri, su faɗa masa da harshen da yake ji. Fasinja kuma, in aka ce masa hazo ya hana tashi, ya tuna cewa matuƙin da ya ƙi tashi ransa yake karewa tare da nasa. Tawakkali bai hana duba sama ba, domin Bahaushe da kansa ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Manomin da ke jinkirta shuka har ƙasa ta sha ruwa ya fi kowa cancantar fahimtar wanda ya jinkirta tashi har sama ta washe.